Lafiyar Maza a Makka: Cututtukan da Suka Fi Damun Alhazanmu da Mazauna

Da wuya a sami gida a zangonninmu, daga Nima da Mamobi zuwa Aboabo da Tamale, wanda ba shi da wani a Makka ko wani da ke tara kuɗin tafiya. Wasu mako huɗu ko biyar suke yi su dawo, wasu sun tafi aikin tuƙi ko gini, wasu kuma can aka haifi kakanninsu. Wannan bayani ya tattara matsalolin lafiyar jiki da na ƙwaƙwalwa da suka fi samun maza a birnin, dalilansu, alamominsu, da inda ake neman taimako. Mun keɓe maza ne don mun san halinmu. Namiji a zango yakan jure ciwo har sai an ɗauke shi ranga-ranga, kuma akwai abubuwan da ke cikin aikin Hajji, kamar harami da aski, waɗanda maza kaɗai suka shafa.

Hausawan Makka

Hausawa sun daɗe suna bin hanyar ƙasa ta Borno da Wadai da Darfur zuwa bakin Bahar Maliya. Tafiyar ta ƙaru bayan Turawan Ingila sun ci Sakkwato a 1903, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi, mabiyansa da yawa suka ci gaba zuwa gabas. Wasu sun tsaya a Sudan, wasu sun isa Hijaz. Jikokinsu ne ake samu yau da laƙabin Hausawi ko Fallata ko Barnawi, kuma da yawansu 'yan ƙasa ne. Usama Hausawi, wanda ya riƙe kyaftin ɗin Saudiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018, haifaffen Makka ne. Unguwannin da aka san bakaƙen fata da su sun haɗa da Shara Mansur, Hindawiyya, Tundubawi da Hosh Bakar, ko da yake rusau na shekarun nan ya watsa mutane da yawa zuwa bayan gari. Har tsirenmu ya zama abincin gari, mutanen Makka na kiransa siriya.

Ta fuskar lafiya, maza a can kashi uku ne: alhaji ko mai Umra da ya zo da biza, wanda ake duba shi kyauta a asibitocin gwamnati lokacin aikin Hajji, ma'aikaci mai iƙama, wanda doka ta ɗora wa kamfanin da ya ɗauke shi yi masa inshorar lafiya, da wanda ba shi da takarda, wanda ake ce wa takari. Na ukun nan shi ya fi kowa shiga haɗari, ba don ciwonsa ya bambanta ba, sai don tsoron kamu da tarhil yana hana shi zuwa asibiti har ciwo ya ci jiki.

Zafi

Makka kwari ce tsakanin duwatsu, kuma duwatsun da kwalta suna riƙe zafi har cikin dare. A Hajjin 2024, wanda ya faɗo tsakiyar watan Yuni, ma'aunin zafi a Masallacin Harami ya kai digiri 51.8. Ministan lafiya na Saudiyya, Fahad al-Jalajil, ya sanar da mutuwar mutum 1,301, ya ce kashi 83 cikin ɗari daga cikinsu ba su da izinin Hajji. Dalilin a bayyane yake: marar izini ba shi da tanti mai na'urar sanyaya ɗaki a Mina da Arfa, ba shi da motar da za ta ɗauke shi, sai ya taka da ƙafa cikin rana. Matasanmu da ake ruɗa da bizar ziyara, a ce su laɓe har lokacin Hajji don ya fi araha, su riƙe wannan lissafi.

Illar zafi hawa biyu ce. Na farko galabaita: gumi mai yawa, jiri, ciwon kai, tashin zuciya, ɗaurewar jijiyar ƙafa, fitsari kaɗan mai duhu. Wannan ana maganinsa da inuwa, kwanciya a ɗaga ƙafafu, jiƙa jiki, da shan ruwa ko ruwan gishiri da suga na ORS. Na biyu bugun zafi, lokacin da zafin cikin jiki ya kai digiri 40 ko ya wuce, ƙwaƙwalwa ta taɓu. Alamar da ta raba su ita ce ruɗewa. Mutum ya fara sambatu, ko faɗa ba dalili, ko tangaɗi, ko ya suma. Wannan yana kisa cikin ɗan lokaci, kuma ba a jiran mota kafin a fara sanyaya shi: a kai shi inuwa, a kwara masa ruwan sanyi, a yi masa fifita, a sa ƙanƙara a wuya da hammata da matsematsi, wani kuma ya kira agaji. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a ɗura masa ruwa a baki, ko da Zamzam ne, don yana iya wucewa huhu.

Namiji mai harami ba ya rufe kansa da hula ko rawani, don haka rana na dukan tsakar kai kai tsaye. Laima ita ce mafita, kuma hukumomin Saudiyya da kansu suke raba ta. Mu a zango mukan ce mun saba da rana. Ranar Tamale a watan Maris ba wasa ba ce, gaskiya ne, amma a gida ba ma kwana uku muna tafiyar kilomitoci cikin mutum kusan miliyan biyu da barcin sa'a uku. Tsakanin Harami da Mina kusan kilomita 7 ne, Arfa kuwa kusan 20. Sa'ayi kaɗai ya ɗan haura kilomita 3. Hajji na matsowa baya da kwana 10 ko 11 kowace shekara, yana fita daga tsakiyar bazarar can, sai dai Makka tana haura digiri 40 tun a watan Mayu.

Ga masu aikin gini da dako, dokar Saudiyya ta hana sa ma'aikaci aiki a rana daga ƙarfe 12 zuwa 3 na rana, tun daga 15 ga Yuni har 15 ga Satumba. Haƙƙi ne, ba alfarma ba. Yawan bushewar jiki shekara da shekaru yana jawo tsakuwar ƙoda, wadda ta fi kama maza, kuma yana raunana ƙodar kanta.

Zuciya da hawan jini

Binciken da aka yi a kan mace-macen alhazai ya sha nuna cewa ciwon zuciya da na jijiyoyin jini ne kan gaba. Yawancin iyayenmu sai sun haura hamsin ko sittin kuɗin kujera ke haɗuwa, kuma a wannan shekarun ne hawan jini ya riga ya zauna. Ba ya ciwo, shi ya sa ake raina shi. Idan awo ya riƙa nuna 140 bisa 90 ko sama da haka, ciwon ya tabbata, kuma baƙar fata ya fi saurin kamuwa da shi da wuri, ya fi kuma saurin samun shanyewar ɓarin jiki ta dalilinsa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ajiye magani. Wani ya ce ya zo ɗakin Allah, Zamzam ta ishe shi. Wani maganinsa mai sa yawan fitsari ne, sai ya daina sha don kada alwala ta riƙa karyewa. Wani kuma ya sa maganin a babbar jaka, jakar ta yi ɓatan kai. Babu malamin kirki da zai ce shan Zamzam ya hana shan magani. Maganar maganin fitsarin kuwa da likita ake yin ta tun a gida, domin a cikin zafi irin na Makka yakan buƙaci a rage shi ko a sauya lokacin shansa, kuma ba mai shan ne zai yanke wannan da kansa ba.

Alamomin bugun zuciya: nauyi ko matsewa a tsakiyar ƙirji da ya wuce 'yan mintoci, wani lokaci yana tafiya hannun hagu ko muƙamuƙi, da gumi mai sanyi da sarƙewar numfashi. Maza da yawa sukan ɗauka olsa ce ko iska, su nemi kanwa. Alamomin shanyewar ɓarin jiki: baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta gefe ɗaya ta mutu, magana ta harɗe. Maganin narkar da gudan jinin da ya toshe yana aiki ne cikin sa'o'i huɗu da rabi na farko, don haka shafa mai da jiran gari ya waye asarar ƙwaƙwalwa ce.

Sassarfar da maza ke yi a zagaye uku na farkon ɗawafi, da gudun tsakanin koren fitilu a Safa da Marwa, ba a ɗora su kan wanda zuciyarsa ba za ta iya ba. Akwai keken guragu da ƙananan motoci na haya a benayen Harami, akwai sauƙin barin Muzdalifa cikin dare ga masu rauni, akwai wakilci a jifa. Hukuncin kowanne, da ko akwai fansa a kai, sai a tambayi malamin tawaga. Su kansu asibitoci sukan kwashi majinyata a jerin motocin ɗaukar marasa lafiya su kai su Arfa don kada tsayuwar ta wuce su.

Ciwon suga da ƙafa

Mai ciwon suga yana tsakanin haɗari biyu. Tafiya mai yawa da jinkirin abinci suna faɗar da suga: rawar jiki, gumi, yunwa, ganin dishi-dishi, ruɗewa. Dabino uku ko ruwan lemo mai zaƙi suna tayar da shi, don haka kada jakar wuya ta rabu da su. A ɗaya ɓangaren kuma akwai shinkafar kabsa da bukhari, burodin tamis, shayi mai suga, lemon kwalba da ake rabawa sadaka, da dabinon da ake ci ba lissafi.

Wani abu da ke rikita mutanenmu: a Gana na'urar awo na bayar da lamba kamar 6 ko 7, a Saudiyya kuma za a ce maka 108 ko 126. Ma'auni ne daban, ana ninka na gida sau 18 a sami na can. Ƙasa da 70 a ma'aunin can, wato 3.9 a namu, suga ya faɗi. Allurar insulin tana lalacewa idan zafi ya wuce digiri 30, sai a riƙe ta cikin jakar sanyi, ba a jingina ta da ƙanƙara kai tsaye ba.

Ƙafa ce ke jawo babbar asara. Wanda ya daɗe da ciwon suga jijiyoyin tafin ƙafarsa sukan mutu, ba ya jin zafi. Ya fito daga sallar Azahar bai ga takalminsa ba, ya taka kwalta zuwa masauki, sai da dare a ga tafin ya saluɓe. Irin wannan ƙuna ta sha kaiwa ga yanke ƙafa. A riƙa sa takalmi a 'yar jaka a shiga da shi, kada a fara sabon takalmi a can, kuma a duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu kowane dare.

Ga mazauna, ciwon yana shigowa a hankali. Direban gida da ke zaune a mota yini guda, yana cin shinkafa da kaza cikin dare, yana shan lemo maimakon ruwa, cikin 'yan shekaru tumbi ya fito. Saudiyya na cikin ƙasashen da ciwon suga ya fi yawa a duniya, kuma wanda ya ci abincin gari ya zauna zaman gari ba ya tsira don an haife shi a Kumasi.

Tari, sanƙarau da sauran masu yaɗuwa

Tarin Hajji kowa ya san shi, mafi yawansa mura ce da ke wucewa da kanta, kuma maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya yi mata komai. Amma ciwon huhu, wato nimoniya, na cikin manyan dalilan kwantar da alhazai a asibiti. Tari da zazzaɓi mai zafi, numfashi sama-sama, ko ciwon ƙirji lokacin shaƙar iska, musamman ga dattijo, na asibiti ne. Tarin da ya wuce mako biyu bayan an dawo gida, da rama da gumin dare, a je a gwada tarin fuka.

Katin rigakafi ba takardar cika sharaɗi ba ce kawai. An sami ɓarkewar sanƙarau a Hajjin 1987, aka sake samu a 2000 da 2001 da wani nau'in da ake kira W135, wanda alhazai suka kai ƙasashensu. Tun daga nan aka wajabta allurar da ta haɗa nau'i huɗu, A, C, W da Y, a yi ta aƙalla kwana 10 kafin isa. Masu zuwa daga Gana da Najeriya da Nijar kuma sai da shaidar rigakafin shawara. Wanda ya sayi katin bai yi allurar ba, iyalinsa ya cuta, don mutum na iya ɗauko ƙwayar sanƙarau a maƙogwaro ba tare da ya kwanta ba, ya kawo wa jikokinsa.

Cutar MERS, wadda aka fara ganowa a Saudiyya a 2012, tana da alaƙa da raƙuma, ta fi kama maza manya, kuma ta kashe kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda aka tabbatar sun kamu. A bar ziyarar garken raƙuma da shan ɗanyen nononsu. Zazzaɓin cizon sauro kuwa mu ne muke tafiya da shi a jini. Duk wanda ya yi zazzaɓi a makonnin farko ya gaya wa likita daga inda ya fito, don likitan can ba lallai ya fara tunaninsa ba.

Aski

Wannan na maza ne zalla, kuma ba a cika maganarsa a bita ba. Bayan jifa ko bayan sa'ayi, dubban maza ke neman aski a lokaci guda. Masu askin gefen hanya, marasa lasisi, sukan yi wa mutum da yawa da reza ɗaya, haka ma alhazai sukan yi wa juna da aska guda don zumunci. Askin ƙwal yana yanka fata ko ba a ga jini ba, kuma ta nan ciwon hanta nau'in B da C da ƙanjamau ke wucewa. Ƙwayar ciwon hanta B tana rayuwa a bakin reza har mako guda. Afirka ta Yamma na cikin yankunan da ta fi yawa, mafi yawan masu ɗauke da ita ba su sani ba, kuma ita ce babbar hanyar kansar hanta da ke kashe maza tun suna da ƙarfinsu. Akwai shagunan aski masu lasisi kusa da wurin jifa da wajen Marwa. A tsaya a ga an ɓare sabuwar reza a gaban ido. Gwajin ciwon hanta B da allurar rigakafinsa ana samun su a manyan asibitocinmu, kuma wannan shawara ta shafi shagon aski da wanzamin unguwa a nan gida.

Abubuwan da ake jin kunyar faɗa

Harami ba wando a ciki, ga gumi ga tafiya, sai cinyoyi su goge juna su yi ja har su tsage. Mai jiki ya fi shan wahala. Man shafawa marar ƙamshi kafin a fita, da wanke wurin a busar da shi, suna hana shi.

Ƙarƙashin mafitsarar namiji akwai wani ɗan ƙullutun nama da ya zagaye hanyar fitsari, likitoci na kiransa furostet. Yana girma da shekaru, kusan rabin mazan da suka kai sittin nasu ya kumbura. Alamarsa fitsari marar ƙarfi, ɗiga bayan an gama, da tashi sau da yawa cikin dare. A Mina, inda layin bayi ke da tsawo, dattijo mai wannan matsala yakan daina shan ruwa don ya huta, daga nan zafi ya kayar da shi. Wasu magungunan mura da ake saya a kanti kuma suna iya ɗaure fitsarin gaba ɗaya. Mara ta kumbura, fitsari ya ƙi fita, wannan na gaggawa ne, kuma da ɗan bututu ake warware shi cikin mintoci. Kumburin ba kansa ba ne, amma kansar wannan wuri ta fi kama baƙar fata, kuma ta fi zuwa musu da wuri. A Ingila an ƙiyasta baƙar fata ɗaya cikin huɗu zai gamu da ita a rayuwarsa, ninki biyu na sauran maza. Daga shekara 45 ya kamata a yi maganar gwajin jini na PSA da likita, musamman wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya yi ciwon.

Ƙaba da gwaiwa sukan tsananta da ɗaukar kaya da tari. Idan kumburin ya yi tauri, ya ƙi komawa, ga ciwo da amai, hanji ne ya shaƙe, sai tiyata. Gara a gyara ta a gida watanni kafin tafiya. Basir kuma yana tashi saboda ƙarancin ruwa da ganye, amma ba kowane jini a bayan gida ne basir ba, musamman ga wanda ya haura hamsin.

Raunin mazakuta sau da yawa shi ne gargaɗin farko na ciwon suga ko toshewar jijiyoyin zuciya. Zuma da cakulan da shayin ƙarin kuzari da ake sayowa tsaraba, hukumomin magunguna na ƙasashe da dama sun sha gano an zuba musu sinadarin Viagra a ɓoye. Wanda ke shan maganin ciwon ƙirji da ake sawa ƙarƙashin harshe, idan ya haɗa da wannan, jininsa na iya faɗuwa warwas.

Lafiyar ƙwaƙwalwa

Dattijon da bai taɓa wuce Kumasi ba, aka sa shi a jirgi, ya kwana biyu bai yi barci ba, ya tsinci kansa cikin harshen da ba ya ji, yana iya rikicewa. Ya ce zai fita ya duba shagonsa, ya kasa gane abokin ɗakinsa, ya tuɓe ko ya yi faɗa. Mukan yi saurin cewa aljanu ne, ko wani abu ya aikata a gida. Mafi yawan lokaci ruɗewa ce da bushewar jiki, zazzaɓi, ciwon fitsari, faɗuwar suga ko rashin barci suka kawo, kuma tana warkewa idan an magance sanadin. A yi masa addu'a, a kuma kai shi likita a ranar. Kada a bar shi ya fita shi kaɗai, kada a cire masa abin hannu da katin shaidarsa. Mai mantuwar tsufa tun daga gida ya fi kowa ɓacewa, kuma iyalai sukan ɓoye wannan wajen tantancewa don kada Baba ya rasa kujera. Ka'idojin lafiya na Saudiyya na shekarun nan sun cire mai irin wannan mantuwa daga waɗanda za a ba izini, tare da mai wankin ƙoda, mai ciwon zuciya ko huhu ko hanta da ya yi tsanani, mai kansar da ake kan yi wa magani, da mai tarin fuka da ke yaɗuwa. Wanda ke shan maganin taɓin hankali ko farfaɗiya kuma kada ya tsayar da shi ko na kwana ɗaya.

Akwai waɗanda suka tsira daga turmutsutsun Mina na 24 ga Satumba 2015, inda hukumomin Saudiyya suka ce mutum 769 sun rasu, lissafin da aka tattara daga ƙasashe kuma ya haura 2,400, cikinsu da 'yan Afirka ta Yamma masu yawa. Wanda ya ga irin wannan yana iya shekaru yana mafarkinsa, yana firgita cikin taro, yana guje wa kasuwa. Ciwo ne da aka sani, kuma ana maganinsa.

Damuwar mazauna daban take. Saurayi ya ci bashi ya biya ejan, ya iske aikin ba shi ne aka faɗa masa ba, albashi na jinkiri, fasfo na hannun kafili ko da yake doka ta hana riƙe shi. An sassauta tsarin kafala a watan Maris na 2021, amma sassaucin bai haɗa da direbobin gida da masu aikin gida ba. A nan gida kuwa ana ganin hotonsa a gaban Ka'aba, kowa na turo buƙata: kuɗin makaranta, suna, rufin ɗaki. Ba ya iya cewa babu. Marar takarda kuma kullum kunnensa na kan ƙofa, yana tunanin sansanin Shumaisi da ke kan hanyar Jidda, inda ake tsare waɗanda za a mayar gida. Mu da ke turo buƙatun muna da hannu a wannan nauyi, ko ba mu so jin haka ba.

Ciwon damuwa a wurin namiji ba kasafai yake zuwa da kuka ba. Yakan zo da saurin fushi, rashin barci, ciwon kai da na jiki da gwaji ba ya ganin komai, daina kiran gida, da rashin jin daɗin abin da da yake so. Idan ya wuce mako biyu, ba raunin imani ba ne, ciwo ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum 700,000 ke kashe kansu duk shekara, kuma maza sun ninka mata fiye da sau biyu. Wanda ya fara cewa gara ya huta, ko ya fara sallama da rabon kayansa, a tambaye shi kai tsaye, kada a bar shi shi kaɗai. Tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin. A Gana majalisa ta cire yunƙurin kashe kai daga jerin laifuka a 2023, don haka wanda ya dawo da wannan hali ana iya kai shi asibitin Pantang, na Ankaful, na masu taɓin hankali da ke Accra, ko sashen ƙwaƙwalwa na Komfo Anokye da na Tamale, ba tare da tsoron 'yan sanda ba.

Wasu kan nemi sauƙi a ƙwaya. Tramadol da ake sha a wasu majalisun ataya don ƙarfin aiki yana kama mutum, yana kuma jawo farfaɗiya. A Saudiyya shiga da shi ba takardar likita laifi ne babba, kuma hukuncin safarar ƙwaya yana kaiwa ga kisa. Kada a karɓi saƙon kowa a filin jirgi, ko na ɗan unguwa ne. Goro ma hukumomin alhazai suna gargaɗin kada a tafi da shi. Dattijon da ya saba da goro kullum ya fara ragewa tun wata guda kafin tafiya, in ba haka ba ciwon kai da kasala za su tare shi a kwanakin farko.

Inda ake neman taimako

Lambar motar ɗaukar marasa lafiya 997 ce, 911 kuma ta haɗa duk agajin gaggawa a yankin Makka. A 937 ana samun likitan ma'aikatar lafiya ta waya. Kalmomi huɗu na Larabci suna da amfani: mustashfa asibiti, ɗawari sashen gaggawa, is'af motar asibiti, saidaliyya kantin magani. Kusa da Harami akwai asibitin gaggawa na Ajyad da ƙananan wuraren jinya a cikin masallacin. A gari akwai asibitin An-Nur, na Sarki Faisal, na Sarki Abdul'aziz, na Hira, da cibiyar Sarki Abdullah inda ake manyan ayyukan zuciya. A Mina da Arfa ana buɗe asibitocin lokacin Hajji, kamar Mina al-Wadi da Namira da Jabalur Rahma. Tawagar alhazan Gana, da NAHCON ta Najeriya, da COHO ta Nijar, kowace na tafiya da likitocinta, kuma nan ne wurin fara zuwa don ana jin harshenka.

Shiri yana farawa wata biyu ko uku kafin tashi daga Accra ko Tamale: awon jini da suga da ƙoda, duba haƙori, allurai, da tafiyar ƙafa ta minti 30 kullum ana ƙarawa a hankali. Magani ya zama wanda zai wuce kwanakin tafiya da mako biyu, cikin kwalinsa na asali, a jakar hannu, tare da takardar likita mai ɗauke da sunan sinadarin, domin sunan kasuwa yana bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Matasan da ke raka iyaye, ko masu shirya musu kaya, su ɗauki hoton takardar da kwalayen a waya, su tura wa wanda zai kwana ɗaki ɗaya da Baba. Bayan an dawo kuma, duk zazzaɓi, sanƙarewar wuya, tari mai tsanani ko gyambon ƙafa da ya bayyana cikin mako biyu zuwa uku, a kai asibiti a faɗa musu daga Makka aka dawo, ko da gida cike yake da masu zuwa barka da sauka.